Damina a Cibiyar Binciken Rigakafin Zazzaɓin Cizon Sauro

A ranar 6 ga Oktoba, 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yi wa ƙananan yara allurar RTS,S a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, wadda ita ce allurar rigakafi ta farko da aka taɓa amincewa da ita domin wannan cuta, bayan shekara 34 da soma aiki a kanta a 1987. Wanda ya ji labarin daga nesa yana iya zaton cewa cibiyoyin binciken da ke karkarar Afirka, inda aka gudanar da gwaje-gwajen, sun kai lokacin naɗe tabarma, alhali kuwa a waɗannan wurare sanarwar ba ta rage wa kowa aiki ba, domin yaran da ke cikin rajista suna nan, damina mai zuwa tana nan tafe, kuma akwai tarin abubuwa game da kowace allura waɗanda ba a iya saninsu sai bayan ta fita daga hannun masu bincike ta shiga hannun jama'a.

Cibiyar da ake bayani a kanta a nan irin waɗanda aka kafa ce a yankin Sahel da ƙasashen da ke kudu da shi, kamar Mali da Burkina Faso da Gana, kuma tsarin rayuwarta kusan ɗaya ne da na takwarorinta. Galibi ana gina ta ne jingine da asibitin gunduma, a ƙaramin gari wanda ƙauyuka masu yawa suka kewaye, kuma abin da baƙo zai fara gani a harabarta shi ne jerin babura a ƙarƙashin rumfa, sannan ɗakin duba yara, da ɗakin gwaje-gwaje, da ɗakin kwamfutoci inda ake shigar da bayanai, da kuma ɗakin ajiyar magani wanda ba kowa ke shigarsa ba. A wannan ɗaki na ƙarshe ne ake ajiye allurai cikin firji, a sanyin da bai gaza digiri 2 ba bai kuma wuce digiri 8 ba a ma'aunin Selshiyos, ana rubuta awon sanyin safe da yamma har da ranakun hutu, saboda allurar da zafi ya taɓa ko ta daskare ba ta da sauran amfani ga yaro, balle ga bincike. Wannan ne ya sa janareta da faifan sola da mai kula da su suke da matsayi a cibiyar wanda bai gaza na kowane likita ba.

Mafi yawan ma'aikatan wurin ba likitoci ba ne. Matasa ne 'yan yankin waɗanda suka yi karatun sakandare ko abin da ya ɗara shi kaɗan, suna jin harshen mutanen ƙauyukan, sun san hanyar da ruwa ke yankewa a tsakiyar damina da wadda ake bi a zagaye, kuma su ne ke riƙe da abin da ake kira ƙidaya ta dindindin, wato rajistar da ake bi gida-gida lokaci-lokaci ana sabunta ta da haihuwa da mutuwa da aure da ƙaura. Kowane gida yana da lamba, kowane mutum a cikinsa yana da tasa. Wannan rajista ce jarin cibiyar na gaskiya, domin a ƙasashen da ake haihuwa a gida a kuma rasu a gida ba tare da wata takarda ba, babu yadda za a yi a san ko allura ta rage mutuwar yara sai an san yara nawa ne suke raye tun farko, kuma gina irin wannan rajista yana cin shekaru masu yawa, rushewarta kuwa ba ya bukatar fiye da shekara ɗaya ko biyu na rashin kuɗin man babur.

Kalandar cibiyar damina ce ke tsara ta. Ƙwayar cutar da ta fi kisa, wadda masana ke kira Plasmodium falciparum, tana shiga jikin mutum ne ta bakin macen sauro, ta zarce hanta inda take ɓuya kimanin mako guda tana hayayyafa ba tare da wata alama ba, sannan ta fantsama cikin jini ta riƙa fasa jajayen ƙwayoyinsa, kuma a wannan mataki ne zazzaɓi da amai da ƙarancin jini, wani lokacin har da jijjiga da suma, suke bayyana. Allurar RTS,S tana koya wa garkuwar jiki ta gane wani sinadari da ke lulluɓe da ƙwayar cutar a ɗan taƙin da ke tsakanin cizon sauro da isarta hanta, wato tana tare ta ne a bakin ƙofa. Da yake a Sahel sauro yana yawaita ne daga saukar ruwa zuwa kaka, kuma mafi yawan ciwon shekara yana taruwa ne a cikin wata huɗu ko biyar, sai aikin cibiyar ya rabu kamar na manomi: bazara lokacin shiri da yin allura ne, daga Yuli zuwa Nuwamba lokacin ƙidayar zazzaɓi ne da kwana a asibiti, rani kuma na tsaftace bayanai da rubuta rahoto da neman kuɗin bincike na gaba.

Dalili na farko da ya sa aikin bai tsaya ba shi ne cewa allurar farko ba ta cika gurbin da ake so ba. Al'adar gwajin allura ita ce a bi matakai, a fara da mutane ƙalilan domin a ga ko tana da illa, a je mataki na biyu da ɗaruruwa domin a daidaita yawan abin da za a bayar, sannan mataki na uku da dubbai domin a auna kariyarta. Gwajin mataki na uku na RTS,S, wanda aka yi daga 2009 zuwa 2014 a cibiyoyi 11 na ƙasashen Afirka 7 tare da yara sama da 15,000, ya nuna cewa a cikin yaran da aka fara yi wa allurar suna tsakanin wata 5 zuwa 17 da haihuwa, aka kuma cika musu huɗu, zazzaɓin ya ragu da kimanin kashi 36 cikin 100 a tsawon shekara huɗu, a jarirai 'yan makonni kuwa kariyar ta fi haka rauni. Wannan adadi ƙarami ne idan aka kwatanta da allurar ƙyanda, wadda ke kare fiye da kashi 90, amma a wurin da yaro ɗaya ke iya kwanciya sau uku ko huɗu a shekara, raguwar kashi ɗaya bisa uku tana nufin dare masu yawa da uwa ba ta kwana a bakin gadon asibiti ba.

Wannan gwaji ya kuma bar wasu alamu masu tayar da hankali, domin an ga sanƙarau ya ɗan fi yawa a cikin waɗanda aka yi wa allurar, an ga alamar ƙaruwar zazzaɓin da ke taɓa ƙwaƙwalwa, an kuma ga mace-macen 'yan mata ya ɗara na rukunin kwatance, wato yaran da ba a yi wa ita ba, ba tare da an iya tantance ko allurar ce sanadi ko kuwa haɗuwa ce kawai irin wadda lissafi kan kawo idan adadin ƙarami ne. Saboda haka, ko da hukumar magunguna ta Turai ta yi na'am da allurar a 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a fara gwada ta a cikin tsarin rigakafi na yau da kullum, aka soma a Malawi da Gana a Afrilun 2019, Kenya ta biyo baya a Satumba, inda wasu gundumomi suka karɓi allurar wasu kuma suka jira domin a kwatanta. Zuwa ƙarshen 2023 yara fiye da miliyan 2 sun samu allurar a waɗannan ƙasashe uku, alamun da aka ji tsoro ba su tabbata ba, kuma an samu raguwar mutuwar yaran da shekarunsu suka kai na karɓar allurar da kashi 13 cikin 100. Abin lura shi ne cewa wannan adadi na ƙarshe, wanda shi ne ya fi kowane muhimmanci ga iyaye, ya fito ne shekara biyu bayan amincewar 2021, daga aikin mutanen da suka ci gaba da ƙidaya bayan an gama tafi.

Akwai kuma tambayar lokacin da ya fi dacewa a yi allurar, kuma a nan ne cibiyoyin Sahel suka ba da gudummawar da ba za a iya samu a wani wuri ba. Tun 2012 ake da tsarin ba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar ƙwayoyin maganin kariya sau ɗaya a wata a lokacin damina, tsarin da iyaye a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar suka sani sarai, domin masu rabon suna shiga gida-gida. Da yake kariyar RTS,S ta fi ƙarfi a watannin farko bayan allura sannan ta riƙa ja da baya, sai masu bincike suka yi tunanin a riƙa yin ta gab da saukar ruwa, a haɗa da waɗannan ƙwayoyi. An gwada haka daga 2017 a Bougouni da Ouelessebougou na Mali da Houndé na Burkina Faso da yara kusan 6,000, kuma sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna cewa yaran da suka samu duka biyun sun fi waɗanda suka sha ƙwayoyi kaɗai tsira da kimanin kashi 63 wajen kamuwa, da kimanin kashi 70 wajen kwanciya asibiti da mutuwa saboda cutar. Allurar ba ta canja ba, lokacin bayar da ita ne ya canja, kuma a kan irin wannan ilimi ne Mali ta gina tsarin da ta ƙaddamar a Afrilun 2025, inda ake yin ukun farko bisa watannin yaro, ta huɗu da ta biyar kuma a jira da su gabanin damina.

Kafin a taɓa ko yaro ɗaya a sabon gwaji, akwai doguwar hanya ta neman yarda, wadda ke farawa daga kwamitin ɗa'a na ƙasa da hukumar kula da magunguna, ta gangaro zuwa hakimi da dagatai da limamai da shugabannin mata, a yi taro a dandali a amsa tambayoyi, sannan a koma ga kowace uwa da kowane uba ɗaya-ɗaya. Amincewar dagaci tana buɗe ƙofar gari ne kurum, ba ta tsayawa a madadin amincewar iyaye. Ana karanta takardar bayani a harshen da suke ji, idan ba su iya karatu ba a kawo shaida wanda ba ma'aikacin cibiyar ba ne, su dangwala yatsa, a kuma nanata musu cewa suna iya janye ɗansu kowane lokaci ba tare da an hana shi magani ba. Tambayar da ta fi maimaituwa a irin waɗannan tarurruka ita ce ta jini, wato me ya sa ake ɗiba, ina ake kai shi, kuma ko ba sayarwa ake yi ba, kuma ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya raina wannan tambaya, sai ya nuna ƙaramar kwalbar da ake amfani da ita a idon kowa, wani lokacin ma a gayyaci dattawa su shiga ɗakin gwaje-gwaje su leƙa madubin likita da idonsu.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan asalin wannan zargi. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200 wanda 11 daga cikinsu suka rasu, iyalai suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, shari'a ta yi ta ja har aka yi sulhu na dala miliyan 75 da gwamnatin jihar a 2009. Trovan magani ne, ba allurar rigakafi ba, amma zuciyar iyaye ba ta rarrabe wannan, kuma inuwar abin tana cikin dalilan da suka sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, lamarin da ya jawo shanyewar ƙafafun yaran da ba su san hawa ba balle sauka. Cibiyar da za ta zauna da mutane shekara ashirin ko talatin ba ta da damar yin gaggawa wajen neman yarda, domin ƙauyen da aka yaudara sau ɗaya ya rufe ke nan ga duk binciken da zai biyo baya, har da mai amfani.

Ranar allura, mota kan ɗauko iyaye mata da yaransu tun da sassafe, a auna nauyi da zafin jiki, a duba katin yaro mai hoto domin kada a rikita shi da ɗan uwansa, sannan a yi allurar a tsaya rabin awa ana lura da shi, a kwanakin da ke biye kuma ma'aikaci ya bi shi gida ya duba kumburi ko zazzaɓi. Ba uwa ba, ba likitan da ke duba yaron ba, babu wanda ya san wace allura ce a cikin sirinji, saboda kwamfuta ce ta raba yaran rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, kuma mai haɗa magani ne kaɗai ke ganin lambar, yana aiki a bayan rufaffiyar ƙofa. Ana yin haka ne domin kada son zuciya ya shiga ƙidaya, tunda likitan da ya san wane yaro ne ya samu sabuwar allura yana iya sassauta ido a kansa ba da gangan ba. Akwai dai wani kwamiti mai zaman kansa, wanda membobinsa ba ma'aikatan cibiyar ko na kamfani ba ne, da ke da ikon buɗe lambobin a ɓoye, ya kuma tsayar da gwajin idan ya ga cutarwa.

A nan ne amincewa da allurar farko ta kawo canji mafi nauyi a rayuwar cibiyar. A gwaje-gwajen baya ana ba wa rukunin kwatance wata allura mai amfani wadda ba ta shafi sauro ba, galibi ta rigakafin cizon mahaukacin kare, kuma babu wanda aka tauye, domin babu allurar zazzaɓin da za a ce an hana shi. Amma ƙa'idojin ɗa'ar bincike, waɗanda tushensu yake a Sanarwar Helsinki ta 1964 da gyare-gyarenta, sun tanadi cewa idan akwai ingantacciyar hanyar kariya, da ita za a kwatanta sabuwa, sai fa idan akwai ƙwaƙƙwaran dalili kuma ba za a jefa mutum cikin mummunan haɗari ba. Da zarar allura ta shiga asibitin unguwa, ba ya halatta a bar yaro babu ita saboda sauƙin lissafi. Sakamakon haka shi ne sabuwar allura za ta yi takara ne da tsohuwa, kuma gano ɗan bambancin da ke tsakanin abubuwa biyu masu aiki yana bukatar yara da yawa, da lokaci mai tsawo, da kuɗi mai yawa, fiye da gano bambancin da ke tsakanin abu mai aiki da babu. Wannan wahala ce da ta dace a ɗauka, kuma cibiyar da ta nemi kauce mata ta hanyar neman ƙauyen da allurar ba ta kai ba tukuna domin ta mayar da rashinsu hujja, ta kama hanyar da ba ta da kyau, ko da takardunta sun cika.

Idan damina ta kankama, nauyin aikin yana komawa ɗakin gwaje-gwaje. Duk yaron da ke cikin gwaji idan jikinsa ya yi zafi ana kawo shi ko dare ko rana, a yi masa magani kyauta, a soki yatsarsa a shafa ɗigon jini a kan ɗan gilashi, a rina shi, mai duba madubi ya zauna yana ƙirga ƙwayoyin cuta ɗaya bayan ɗaya. Ba kowane zazzaɓi ake lissafawa ba, domin a waɗannan ƙauyuka yaro yana iya kasancewa ɗauke da ƙwayar cutar a jininsa alhali mura ce ta kwantar da shi. Saboda haka aka ƙayyade cewa sai zafin jiki ya kai digiri 37.5 kuma ƙwayoyin sun haura 5,000 a cikin ɗan mitsitsin awon jini da ake kira maikirolita. Mutum biyu ne ke karanta kowane gilashi ba tare da ɗaya ya ga sakamakon ɗaya ba, idan suka saɓa a kira na uku. Duk wani kashi cikin ɗari da za a ji a rediyo daga baya, daga idon waɗannan mutane ya fito, waɗanda a watan Satumba kan wuni sunkuye har wuyansu ya ƙage.

Ta irin wannan aiki ne allura ta biyu ta samu. R21, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Oxford, tana nufar sinadari ɗaya da RTS,S, ana kuma haɗa ta da wani abin zaburar da garkuwar jiki mai suna Matrix-M wanda ake samu daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Chile. Gwajinta a Nanoro ta Burkina Faso ƙarƙashin jagorancin Farfesa Halidou Tinto, da yara 450, ya nuna kariyar kashi 77 a shekarar farko, gwajin mataki na uku da yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya kuma ya ba da kashi 75 a inda cutar ke bin damina da kashi 68 a inda take duk shekara. Gana da Nijeriya sun amince da ita a Afrilun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta biyo baya a ranar 2 ga Oktoba na 2023. Masana a cibiyar suna yawan jan hankalin masu gaggawar cewa 75 ta ninka 36, domin an auna su ne a wurare daban, a tsawon lokaci daban, kuma ba a taɓa haɗa su a babban gwaji ɗaya ba kafin amincewar. Matsayin hukumar shi ne duka biyun suna aiki. Fifikon R21 da babu gardama a kansa shi ne yawa da araha, tunda allurar RTS,S miliyan 18 kacal aka iya ware wa ƙasashe 12 daga 2023 zuwa 2025, yayin da kamfanin Serum Institute na Indiya ya ce yana iya yin R21 miliyan 100 a shekara, a farashin da bai kai dala 4 ba.

Sauran tambayoyin na haƙuri ne, irin waɗanda ba sa shiga kanun labarai. Har yaushe kariyar ke daɗewa, kuma me ke faruwa da yaron da ya girma bai sha fama da cutar ba har kariyar ta ƙare? Bin sawun wasu yara na shekara bakwai a Kilifi ta Kenya, waɗanda allura uku kawai aka yi musu, ya nuna cewa a cikin waɗanda suke zaune inda sauro ya fi yawa ribar farko ta zaizaye a shekarun ƙarshe, abin da ya ƙara nuna muhimmancin allura ta huɗu. Ita kuwa ta huɗun tana zuwa ne a shekara ta biyu ta rayuwar yaro, lokacin da uwa ta saba ɗauka cewa an gama rigakafi, wataƙila ma tana da sabon ciki ko goyo, kuma a nan ne yara da yawa ke zubewa, shi ya sa wani sashe na binciken yanzu ba na jini ba ne, na zama da iyaye mata ne a ji abin da ke hana su dawowa. Ana kuma adana jinin yaran da suka kamu bayan allura domin a duba ƙwayoyin halittar cutar, tunda nazarin da aka buga a 2015 ya nuna cewa RTS,S ta fi kare yaro daga nau'in da ya yi daidai da wanda aka yi ta da shi, kuma irin wannan nau'i ƙalilan ne a cikin waɗanda ke yawo a Afirka.

A gefe guda kuma ana gwada sababbin dabaru. Allurar RH5.1, wadda ke tare ƙwayar cutar bayan ta fito daga hanta ta shiga jini, ta nuna kariyar kashi 55 na wata shida a Nanoro a sakamakon da aka buga a ƙarshen 2024, kuma fatan shi ne a haɗa ta da masu tsaron ƙofa domin abin da ya kuɓuce wa ɗaya ya faɗa hannun ɗaya. A Mali an gwada sinadaran garkuwa da aka haɗa a masana'anta, waɗanda ake yi wa mutum sau ɗaya su kare shi tsawon damina, an kuma gwada wata allura wadda ba ta kare wanda aka yi wa, sai dai ta hana sauron da ya cije shi ɗaukar cutar zuwa ga maƙwabci, wadda bayyana amfaninta ga mai sa hannu yana bukatar gaskiya da ƙwarewar harshe.

Duk wannan ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin a ƙididdigar 2023, shekarar da cutar ta kashe mutum kimanin 597,000 a duniya, Nijeriya ce ke da kusan kashi 31 na mace-macen, Nijar kuma kusan kashi 6. Kamaru ta shigar da allurar cikin rigakafin yau da kullum a Janairun 2024, Nijar da Cadi da Sudan suka fara a cikin shekarar, Nijeriya kuma ta soma da jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamba, inda ake yin ta a wata 5 da 6 da 7 da 15. Uwar da ta kai ɗanta asibiti a Birnin Kebbi ko Argungu tana cin moriyar amanar da wasu iyaye mata a ƙauyukan Burkina Faso da Mali suka bayar shekaru kafin haka, kuma yanzu nauyin sa ido ya faɗo kan ma'aikatan lafiyar jiharta, waɗanda aka ɗora wa rubuta duk wani abu da ya sami yaro bayan allura, domin illar da ke samun yaro ɗaya cikin dubu ɗari ba ta bayyana a gwajin yara dubu biyar. Haka kuma gidan sauro da ƙwayoyin damina da gaggawar zuwa asibiti idan jiki ya yi zafi duk suna nan a matsayinsu, tunda allurar ƙari ce a kansu.

Aiki mafi nauyi a cibiyar shi ne wanda ke biyo bayan rasuwar yaro a gida. Bayan an bar iyali sun yi zaman makoki, ma'aikaci kan je ya yi ta'aziyya, ya nemi izini, sannan ya zauna da uwa ko wadda ta yi jinya yana tambayar yadda ciwon ya fara, kwana nawa ya yi, ko an ga jijjiga, ko ido ya yi fari, kuma daga amsoshin ne likitoci ke ƙiyasta sanadin mutuwar, domin babu wata hanyar sani. Mafi yawan masu wannan aiki suna kan kwantiragi ne na ɗan lokaci wanda ke ƙarewa da ƙarewar gwaji, kuɗin kuma daga ƙasashen waje yake zuwa, yana kuma raguwa da zarar masu bayarwa sun ji cewa an riga an samu allura, wanda hakan kuskure ne mai tsada da gwamnatocin yankin ya kamata su rufe gurbinsa da kuɗinsu. Idan gwaji ya kai ƙarshe aka buɗe lambobin, ƙa'ida ce a koma dandalin da aka fara neman izini, a tara iyayen, a faɗa musu abin da aka gano cikin harshensu, a sanar da kowace uwa rukunin da ɗanta ya kasance a ciki, sannan a ɗauki sunayen jariran da aka haifa a rani domin gwajin da zai fara kafin saukar ruwa.